Tukunyar Ovide da Talotalon Ranar Godiya

Shekarar da Telesphore ya rasu ne, wannan kam na riƙe. Lambar shekarar ce ta gudu, kamar yadda lambobi suke gudu mini yanzu, amma na san bayan babbar ambaliya ce, kafin a sake rufin coci. Shekara talatin Telesphore yana soya talotalon Ranar Godiya, bikin shekara da dangi ke taruwa a ci tare, a bayan gidansa, cikin man gyaɗa, a wata doguwar tukunya duk ta lotse, mutum arba'in suna ci. Ni ba dangi ba ne. Na koyar da 'ya'yansa tarihi a makaranta, na kuma tsaya wa surukinsa Ovide uban baftisma, shi ya sa suke ce mini Parran, yadda ake kiran uban baftisma a garinmu. Wata shekara aka ba ni kujera a teburin, ni kuwa ban taɓa mayar da ita ba.

Wata Lahadi bayan an taso daga coci, muna shan kofi a kicin ɗin matarsa Mis Eula, sai ta ajiye kofinta ta ce ita ta gama. Ba Telesphore, ba mai suya, ba dalilin tara jama'a. Daga bana birnin Houston za ta riƙa tafiya wajen ƙaramar 'yarta Corinne, inda ake sayo talotalo dafaffe a kwali, a ci a jefar da kwalin. Babbar 'yarta Verna ta juya ta hau wanke kofin da ta riga ta wanke. Duk wanda ke ɗakin ya san in biki ya bar gari ba ya dawowa.

Sai Ovide, mijin Verna, ya miƙe.

In daga bakin Ovide ka ji, shekara ashirin da bakwai ya yi yana haƙar mai a tsakiyar teku, gobara uku ya kashe da hannunsa, kuma har yau manyan kamfanin suna kiransa su nemi shawara. In daga bakin wasu ka ji, a ɗakin ajiya ya yi su a kan tudu, yana raba wa ma'aikata safar hannu da hular kwano, domin ko kwalekwale ya hau sai ya yi amai. Ni dai da hannuna na riƙe shi aka zuba masa ruwa yana jinjiri, ba zan ce ƙarya yake yi ba. Zan ce yana da yalwar tunawa, abin da ni na rasa.

"Mama, ki ba ni bana kawai," in ji shi. "Wanda ya yi kokawa da man ƙarƙashin teku, man gyaɗa ne zai gagare shi?"

Mis Eula ta dube shi ta saman tabarau. "Ka taɓa soya ƙwai, Ovide?"

"Ƙwai aikin kicin ne, Mama. Wannan aikin injiniya ne."

Ta ce to. Ranar Alhamis mai zuwa, Ranar Godiya, ƙararrawar coci na buga sha biyu, tana son talotalo a kan teburinta, fata ta yi ja, ciki ya nuna. In an samu, biki yana nan inda yake. In ba a samu ba, Houston, kuma kada wanda ya sake tayar mata da zancen.

Washegari Verna ta sauko da tukunyar babanta daga rumbun kaya, ta wanke ta, ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ovide ya zagaye ta sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa, ya ce Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne, amma ba shi da buri. Ya kuma tuna mata al'ada: kicin na mata ne, tukunyar waje ta maza, kada ya ga inuwarta kusa da aikinsa sai ran da aka kira ta ta kawo faranti. Daga nan ya biyo ya ɗauke ni a motarsa, wai in zama shaida.

Muka je kantin Mis Odile, mai sayar da ƙarafa da kayan kamun kifi a bakin gada. Mis Odile ta sayar wa rabin garin kayan suya, ta kuma ga abin da ɗaya rabin suka yi wa kansu. Ta fito masa da doguwar tukunya siririya, da murhun gas mai gajerun ƙafafu wanda wutarsa ke ci a hankali, da ma'aunin zafi mai dogon tsinke. Ta ce waɗannan, da talotalo mai laba goma sha biyu, ko ita ma sai ta soya da hannu ɗaya.

Ovide bai ma kalle su ba. Idonsa yana can ƙuryar kanti, kan wata tukunya da ake dafa jatan landen fadama a cikinta ran bikin coci, wadda in ka so sai ka yi wa maraƙi wanka a ciki. Kusa da ita akwai murhunta, mai bakin wuta kamar bututun jirgin sama.

"Wannan ta tafasa ruwa ce," in ji Mis Odile. "Ruwa in ya ji wuta tururi yake yi. Mai in ya ji wuta gida yake ci."

"Da ruwa da mai, Mis Odile, duk abin zubawa ne."

"Haka fetur ma."

Ya yi dariya irin ta masani da ke haƙuri da jahilai. Ma'aunin zafi ya ce na waɗanda ba su da ido ne. Da ta miƙo masa jar kwalbar kashe gobara, sai ya mayar da hannuwansa baya, ya ce wanda ya sayi maganin gobara ya riga ya aika mata goron gayyata. A maimakonsu ya zaɓi rigar leda mai tsawo har gwiwa, da cokali mai yatsu wanda ya kai tsawon sandata, da doguwar farar hula irin ta masu dafa abinci a manyan otal. Hular ya gwada uku kafin ya sami wadda ta dace da girman aikin.

Mis Odile ta taya mu ɗora tukunya a bayan mota. Ta tambayi ƙarfe nawa zai fara, domin ba ta son a ba ta labari.

Talotalon kuwa sai da muka je gari na uku kafin ya sami wanda ya yi masa. Laba ashirin da takwas, daskararre kamar dutsen niƙa. Verna ta leƙo ta taga ta ce babanta bai taɓa wuce sha biyu ba, guda uku yake soyawa ɗaya bayan ɗaya. Ovide ya ce kaji uku ai na wanda ke tsoron talotalo ɗaya ne. Firji ya ƙi ɗaukarsa, aka tura shi cikin akwatin ƙanƙara na zuwa kamun kifi. Ranar Talata ke nan. Ovide ya ce kwana biyu sun ishi kowane tsuntsu ya saki jiki.

Yanzu ga inda aikin yake. A garinmu ko wanda bai taɓa riƙe ludayi ba ya san yadda ake auna mai. Ran jajibere za ka sa talotalo a tukunya, ka zuba ruwa har ya rufe shi. Sai ka ciro talotalon. Ruwa zai sauka, inda ya tsaya ka ja layi. Nan mai zai tsaya gobe, sauran wurin na tsuntsu ne. Abu huɗu ne kawai: sa, zuba, ciro, ja layi.

Ovide ya yi uku daga ciki.

A farfajiyar gaban gidan Mis Eula ya kafa, ba a baya ba, domin a cewarsa aikin da ba a gani ba kamar ba a yi shi ba ne. Ya zaɓi gindin itacen lemunta, wanda ya yi 'ya'ya har rassa suna rusunawa, saboda inuwa. Ya sa talotalo, ya zuba ruwa har ya rufe shi, ya ɗauko ƙusa ya ja layi mai kyau, miƙaƙƙe, yatsa uku ƙasa da bakin tukunya, talotalo yana kwance a ciki yana kallonsa.

Clovis makaniki, maƙwabcin Mis Eula, yana jingine da shinge. Ya ce, "Ovide, ka ciro tsuntsun tukuna."

"Clovis, motata da ka gyara a watan Yuli har yanzu tari take yi. Ka gama da wancan, sannan ka buɗe makaranta."

Clovis ya buɗe baki, ya dubi tukunya, ya dubi layi, ya rufe bakin a hankali kamar mai rufe akwatin kuɗi. Daga wannan lokaci ya zama mutum mai sauƙin kai ƙwarai.

Ni ma na ga kuskuren, kada a ce ban gani ba. Na ce, ɗana, akwai wani Bagirke a zamanin da, sunansa zai dawo mini, wanda ya shiga bahon wanka cike da ruwa. Sai na ga ya kamata in fara bayyana masa sarkin garin da kambinsa na zinariya, kambin kuma ya kai ni ga maƙerin, maƙerin ya tuna mini da wani ɗalibina da ya koma gyaran agogo a Lafayette. Kafin in dawo da Bagirken cikin bahonsa, Ovide ya zubar da ruwa ya tafi ɗauko mai.

Galan biyar ya tanada. Ya juye su duka, ya leƙa, man ya kwanta can ƙasa kamar ruwan rijiya a ƙarshen rani. Layi yana sama yana jira. Kantuna kuwa sun ƙare da man gyaɗa tun Litinin, kowa na da nasa tsuntsun. Sai ga injiniya da yamma yana bin gida gida da jarka, da farar hularsa a ka. Kowa ya tsiyaya masa abin da ya samu, ba don shi ba, don Mis Eula da marigayi. Kuma duk wanda ya ba da mai sai ya tambayi tukunya nawa zai cika. In ya ce ɗaya, sai mai gida ya tambayi ƙarfe nawa.

Saura abu ɗaya. A al'ada maza biyu ne suke zura sandar tsintsiya a ƙugiya, su riƙe ta nan da can, su sauke talotalo a hankali. Laba ashirin da takwas ta karya sandar Verna tun a gwaji. Ovide ya haɗiye girman kansa ya je wajen Clovis aron ƙugiyar da yake ɗaga injin mota da ita, mai dogon wuyan ƙarfe da sarƙa. Clovis ya turo ta da kansa, har ya sa wa tayoyin mai. Ya nuna masa hannun da ake bugawa ta ɗaga da ƙaramin makunnin da ake murɗawa ta sauke. Ovide ya ce ya sarrafa waɗanda suka fi wannan sau ɗari, a kan igiyar ruwa.

Ranar Alhamis gari ya waye da sanyi mai daɗi. Dangi suka fara isowa tun tara da kwanukan shinkafa da dankali, ƙamshin gambo, miyar kuɓewa irin ta garinmu, yana fitowa ta tagar kicin. Corinne ta iso daga Houston da mijinta Dale, dogon mutum ɗan Texas wanda ba ya yawan magana. Ta sumbaci uwarta, ta dubi tukunya, ta dubi hula, ta ce wa Verna cikin tausayi kada ta damu, ɗakin baƙinsu yana da gado biyu.

Ƙarfe goma maƙwabta suka fara fitowa da kujerun naɗewa. Abin da na lura da shi shi ne duk a tsallaken titi suka jera su. Motar kashe gobara ta garinmu, wadda 'yan sa kai ke tuƙawa, Clovis kuma ɗaya ne daga cikinsu, ta zo ta tsaya a kwana. Suka ce wanke ta za su yi. Ba wanda ya ga bokiti.

Ovide ya kunna murhu. Sai da ashana ta ƙare rabin kwali kafin ya kama, da ya kama kuwa ya yi wata kuwwa da ta kori karnukan layin gaba ɗaya. Amma man da ya kai wannan yawa ba ya zafi don an yi masa tsawa. Goma da rabi, shiru. Sha ɗaya saura kwata, shiru. Wani daga tsallake ya tambaya ko Kirsimeti ake nufi. Wata ta ce a'a, Ista. Ovide ya murɗe gas har ƙarshe.

Clovis ya yi lissafi da ƙarfi, don amfanin jama'a, cewa laba ɗaya minti uku da rabi take ci, laba ashirin da takwas ke nan sai wajen ƙarfe ɗaya saura. Ovide ya ce wannan lissafin mai ƙaramar wuta ne. In ka ninka zafi, ka raba lokaci biyu. Na ji wani tsoho a bayana yana cewa da haka ne da mata tara sun haifi ɗa a wata ɗaya.

Sha ɗaya da rabi man ya fara fitar da shuɗin hayaƙi. Mis Odile, wadda ta zo da wata babbar jaka ta ajiye a gindin kujerarta, ta ce ya wuce, ya rage wuta. Ovide ya jefa gutsuren burodi. Burodin ya yi baƙi kafin ya gama nitsewa.

"Daidai," in ji Ovide.

Ya rataye talotalo a sarƙa, ya buga hannu har tsuntsu ya yi sama yana lilo tsakanin lemu. Aka fito da Mis Eula baranda a kujerarta. Ovide ya gyara hula ya yi jawabi. Ya ce marigayi ya share hanya, amma kowane zamani da mutanensa. Ya ce yau za a ga bambancin al'ada da ilimi. Clovis ya jira ya kai aya, sannan ya ce, da muryar mutumin da ke sauke nauyi daga wuyansa, ana kashe wuta kafin a sauke tsuntsu, kowa ya san wannan.

"Wutar da na sha wahalar kunnawa? Ka zauna, Clovis, ka koyi abu kyauta."

Clovis bai zauna ba. Ya taka a hankali ya tsaya kusa da tukunyar gas.

Ovide ya fara sauke talotalo. Ƙafafu suka shiga, mai ya taso ya taɓa baki. Cinyoyi suka shiga, mai ya fara leƙowa yana gangarowa ta gefe. A nan ne, ina jin, Bagirken nan ya iso wa Ovide ba tare da taimakona ba, domin na ga fuskarsa ta canza. Ya kai hannu zai mayar da tsuntsu sama, sai ya kama ƙaramin makunnin ya murɗe shi duka.

Laba ashirin da takwas ta faɗa gaba ɗaya.

Na karanta labarin biranen da aka ƙone, na koyar da su shekara da shekaru, amma ban taɓa jin ƙarar ba sai ranar. Mai ya yi tsalle ya sauka a kan murhu, wuta ta miƙe tsaye ta shige cikin itacen lemu ta fito ta sama. Farar hula ta yi nata wuri. Clovis ya murɗe tukunyar gas ya ja ta baya. Ovide kuwa, mai gobara uku a teku, ya ruga ya ɗauko tiyon ban ruwan furanni ya nufo tafasasshen mai da shi.

Ya matsa, ruwa bai fito ba. Ya juya. Verna ce tsaye a kan tiyon da ƙafa biyu, da ludayi a hannu.

"Na ce kada ki zo kusa da—"

"Ban zo kusa da tukunyarka ba. Tiyon Mama na taka."

Mis Odile ta buɗe jakarta ta fito da jar kwalbar nan, ta tsallako titi ba gaggawa, ta yi wa tukunya da murhu da rabin Ovide farin gari. Motar da aka zo wankewa ta kashe wutar itacen. Da hayaƙi ya lafa, ba wanda ya ji ciwo. Girar Ovide ce kawai ta tafi, duka biyun, abin da ya bar shi da fuskar mai mamaki har bayan sabuwar shekara. Lemu gasassu suna faɗowa ɗaya ɗaya a kan ciyawa.

Clovis ya buga hannu ya ɗago talotalo. Baƙi ne ƙirin, da farin gari a kansa kamar an shafa masa hoda. Mis Eula ta sa aka kawo mata shi har baranda. Ta karɓi dogon cokalin Ovide ta soka a ƙirji. Cokali ya shiga yatsa biyu ya ce ƙwas, ya tsaya a kan ƙanƙara. Tana zare shi ƙararrawar coci ta fara bugawa, ta kuwa bari ta buga duka sha biyun.

"Houston," in ji Mis Eula.

Ba wanda ya yi dariya, har 'yan tsallake. Verna ta sauka daga kan tiyo ta tsaya tana kallon itacen. Corinne ta fara gaya wa uwarta irin hanyar da ta fi sauƙi. Ni kuma na zauna ina lissafin awa huɗu a mota da gwiwoyi irin nawa, da cewa ba a ma ce da ni ba.

Ovide ya karkaɗe garin da ke jikinsa, ya ce magana ɗaya ce, Mama ta yi gaskiya, namiji ba ya jayayya da hukunci. Ya ce amma asara ba ta tashi a banza ba, yanzu ya gano inda matsalar take: murhun ne ya yi wa tukunya ƙanƙanta. Baɗi da biyu zai zo. Tukunya tana shiga bayan mota, ƙugiya kuma a jawo ta a tirela.

"Zo ina?" in ji Corinne.

"Houston mana, ƙanwata. Ai ba zan bar Mama ta ci na kwali ba ina raye. Dale, kuna da fili a bayan gida?"

Dale ya ce ba fili, baranda ce kawai ta katako, bana suka gama ta.

"Katako ya fi," in ji Ovide. "Ba ya santsi."

Corinne ta dubi mijinta, mijinta ya dubi itacen lemu. Sai ta fara magana da sauri. Ta ce in an duba da kyau, awa huɗu a mota ba ƙaramin abu ba ne ga bayan Mama. Gadajen nan biyu ma ƙanana ne. Ga cunkoson hanya, ga maƙwabtansu ba sa son hayaniya. Kuma wane irin mutane ne za su raba tsohuwa da gidan da mijinta ya gina? Dale, wanda ban taɓa jin ya haɗa jimla biyu ba, ya haɗa huɗu a kan darajar al'ada, ya ce su za su riƙa zuwa kowace shekara, ko da ƙafa ne.

Mis Eula ta saurare su har suka gama. Ta dubi 'yarta ta Houston, ta dubi surukinta marar gira.

"To, an kore ni kafin in je," in ji ta. "A nan ke nan. Verna, zuba gambo, mutane na jin yunwa. Ki ƙirga da 'yan tsallake, mansu ne ya ƙone. Kai kuma Ovide, baɗi aikinka kujeru. Ka ɗauko, ka jera, ka zauna a ɗaya."

Ovide ya rusuna ya ce ya karɓa. Muna shiga ciki ya riƙe mini hannu a kan matakala, yaron kirki ne wajen wannan, ya sunkuyo ya ce, "Parran, ka lura kujerun gidan nan mutum ɗaya ɗaya suke ɗauka?"